Sunayen Garin Aduwa

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Kullum da yamma hadari sai ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi, a kwana cikin gumi. Shekaranjiya da azahar aka ɗauke mana wuta a biro, wato ofishinmu. Fanka ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Wata sabuwar ma'aikaciya da ke zaune kusa da ni ta ɗago kai ta ce, "Tanti Ramatu, aikina bai tafi ba ko?" Na ce mata bai tafi ba, na'urorin yanzu da kansu suke adana abu. Ta koma kan wayarta. Ni kuwa na zauna ina kallon fankar nan, tunanina ya koma shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara.

Daminar da ta gabaci wannan azumi ba ta yi kirki ba. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi yake fid da kai, abin da aka girbe a ƙauyukan Dakusa bai kai mutane ko'ina ba. Kafin zafi ya kankama rumbuna sun yi ƙasa. Da ya kankama, sai aka sauko da damman da aka ware na iri, aka sussuka, aka daka, aka sha. Ba mai ganin laifin magidancin da ya yi haka yara na kuka a gabansa. Sai dai ranar da ruwan shuka zai sauka, ba shi da abin da zai jefa a rami.

Mu na birni yunwarmu ba ta kai tasu ba, namu ƙishi ne. A Kara-Kara muke zaune lokacin, ni da maigidana da yara biyu. Famfon unguwa sai ya yi kwana uku bai ɗiga ba. In an ji ya kawo, kowa ya fito da jarka, layi ya miƙe har bayan masallaci. Ruwan da na wanke shinkafa da shi nake wanke kwanoni, abin da ya rage na akuya ne. Duwatsun Damagaram kuwa tun hantsi suke shan rana, su riƙe ta, bayan magariba su dawo mana da ita. Bango zafi, tabarma zafi, ruwan randa ma ɗumi. In an sha ruwa in kurɓi kunu, in ci ɗan ƙosai, in miƙe a tsakar gida ban san ko barci nake ko ido biyu ba. Har kusan ƙarshen watan nan ban yi ciwo ba, ban yi kuka ba, ban kuma tuna na yi dariya ba. Jikina ne kawai yake zuwa aiki yana dawowa.

A wata ƙaramar ƙungiya nake aiki, ɗaki uku da baranda, a kan hanyar fita Takieta. Abin da aka ɗora mana a shekarar abu ɗaya ne. Mu rubuta sunayen magidantan da suka cinye irinsu, mu aika lis ɗin, wato jerin sunayen, zuwa Yamai, su kuma su turo iri daidai da sunayen kafin ruwa ya sauka. Wanda sunansa ya shiga ya samu. Wanda bai shiga ba, ko yana tsaye a gaban motar, babu nasa.

Mu uku ne a kan aikin. Akwai Shef, mai sa hannu da amsa waya. Akwai ni, mai buga sunaye a ordinatar, wato kwamfuta. Sai Malam Isufu, tsohon malamin gona, wanda saura kaɗan ya ajiye aiki. Shi ke hawa moto ya shiga ƙauyuka, ya zauna gindin bishiya da mai gari, a kira magidanta ɗaya bayan ɗaya ya rubuta su a wani littafi mai baƙin bango. Litinin da Alhamis yake shigowa biro. Sa'an mahaifina ne, ina ce masa Baba, yana ce mini 'yata. Da yatsa ɗaya yake buga na'ura. Sai ya yi bisimilla, ya gyara tabarau, ya shiga neman harafi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na sha ce masa ya kawo littafin in buga masa, ya ƙi. "Ni suka gaya wa sunayen," in ji shi, "ni zan kai su inda za su."

Sunayen duka a fishiye guda suke, wani babban kundi da ake ce wa baz. Ba a na'urata yake ba, ba kuma a ta Malam ba. Yana cikin wata na'ura da ke ɗakin ajiya, tsakanin tsoffin tayoyi da kwalayen takarda, wayoyi sun taso daga gare ta sun bi bango zuwa teburanmu. Lawali, mai gyaran na'urori da ke zagaya birori da yawa a gari, shi ya haɗa mana ita. Ranar da ya gama ya yi ta zuba bayani da Faransanci. Malam ya saurara, ya saurara, ya ce, "Wato rumbu ke nan. Kowa ya kawo nasa ya zuba." Lawali ya yi dariya ya ce haka ne. Sunan ya bi ta. Har akwatin wasiƙun mel na biro a rumbun Lawali ya ajiye shi, wai don ko na'urata ta mutu kada wasiƙu su bi ta.

Da farko rumbu bai ba mu wahala ba. Zafi na shigowa, ɗaukewar wuta ta yawaita, sai ya fito da halinsa. In ni da Malam muka buɗe baz tare sai ya daskare, ka danna ka danna ba motsi. In wuta ta ɗauke yana buɗe, da ta dawo sai ya ce wani yana ciki, alhali ba kowa a biron sai ni da ƙadangaru. Wata rana ma cewa ya yi bai gane fishiyen ba sam. In kira Lawali, ya ce in leƙa rumbu zan ga wani ɗan ƙaramin fishiye kusa da babban, in goge shi. In goge, a yi kwana biyu lafiya. Ya zo ya canja wata waya da ɓera ya ɗanɗana. Ya zo ya yi wa baz abin da ya kira gyara da matsewa. Ya ce zafi ya yi wa na'urar yawa, muka ɗauke fankar Shef muka kai mata, Shef ya koma fifita da dosiyen takardu. Gurup ɗinmu kuwa, injin ba da wuta, man gazuwal na awa biyu ake zuba masa a yini, in ya shanye sai gobe.

Da na gaji sai na samo dabara, ni kaɗai, ban tambayi kowa ba. Da safe in kwafo baz daga rumbu zuwa na'urata, in yi aikina hankali kwance, ba daskarewa, ba gardama. Kafin la'asar in mayar da shi. Duk lokacin da zan mayar, na'urar takan fito da tambaya, wai akwai mai irin wannan suna a can, a sa wannan a madadinsa? Nakan danna "wi", wato e, ban ko gama karantawa ba. Ba Faransancin ne ya gagare ni ba. A kaina dai rumbu rumbu ne, abin da ka zuba yau yana haɗuwa da na jiya ya ƙaru. Dabarar ta yi mini daɗi har na koya wa Malam. Ya rubuta matakan a bayan littafinsa, ɗaya, biyu, uku.

To, ranakun da yake biro mu biyu ne za mu mayar. Ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar riga babba ba. A gidanmu ba ka sa hannu a kwano kafin na gaba da kai, ba ka riga shi shiga ƙofa. Saboda haka in na gama sai in naɗe hannu in jira. In ya ɗago kai in ce, "Baba, ka gama?" Ya ce, "Na zuba, 'yata. Bisimilla." Sannan in zuba nawa.

Mako bai zagayo ba Malam ya fara ƙorafi. Ƙauyen da ya buga ranar Litinin, ranar Alhamis ya neme shi babu. Ya sake bugawa, ya sake ɓacewa. Lawali ya ce ƙila birus ne, cutar na'ura, ya wuni yana wanke na'urorin bai sami komai ba. Ya duba wayar teburin Malam, lafiyarta lau. Daga nan ya kira ni baranda ya rage murya.

"Madam, tsohon nan kuwa yana adanawa in ya gama? Kin san su da na'ura."

Na ce ban sani ba. Aikina ni ko suna ɗaya bai taɓa ɓacewa ba, har a raina ina jin kaina gwana. Shef ya yanke cewa duk ƙauyen da ya ɓace in karɓi littafin in buga da kaina. Na buga, suka zauna daram. Kowa ya ga hujja. Malam kuwa na lura ya daina yin bisimillarsa a fili in zai taɓa na'urar.

Alhamis ta biyu a azumi ita ce ranar rufe lis. Ranar Malam bai shigo da wuri ba, sai da rana ta ɗaga sosai muka ji kukan motonsa. Leɓɓansa sun tsage, ƙafafunsa fari fat da rairayi. Ya zauna ya ɗan huta, sannan ya buɗe littafi.

"Saura Garin Aduwa," ya ce. "Gida talatin da huɗu."

Wani ɗan ƙauye ne can cikin tudu, nesa da hanyar mota, shi ne na ƙarshe a zagayensa. Ya ce anza suke ci, 'ya'yan wani itacen daji. Mata su jiƙa ta kwana da kwanaki suna sauya ruwa don ɗacin ya fita, ga ruwan ma sai an yi tafiya. Ya ce da ya fito da littafi mai garin ya ƙi kiran mutane.

"Ce mini ya yi, 'Malam, an sha rubuta mu. Mun gaji da faɗin sunan ubanninmu ga baƙi.' Na ce masa wannan karon daban ne. Na ce in bai ga mota a garinsa ba, ya tare ni a kasuwar Dakusa ya kira ni maƙaryaci a gaban jama'a. Sannan ya aika aka kira su."

Ni a gabana akwai ƙauye uku da ban gama ba, ga lokaci yana tafiya. Malam ya ce in ji da nawa, Garin Aduwa shi zai buga, kuma yau zai bi a hankali. Ya kwafo baz yadda na koya masa. Tun kafin azahar yake abu ɗaya har aka yi salla aka dawo. Ɗakin shiru, sai ƙarar gurup a waje da ɗan yatsan nan nasa, ƙwas, sai an jima kuma ƙwas. Harshena ya manne a dasashi. Haruffa suna rawa a gabana, in rufe ido in buɗe in ci gaba.

Da ya gama ya kira ni. "Zo ki gani da idonki, 'yata, ki zama shaida."

Na tsaya a bayansa na ƙirga, talatin da huɗu cif. A gabana ya adana. A gabana ya mayar rumbu, yana bin matakan da ke bayan littafinsa da yatsa. Na ce, "Yau kam sun shiga, Baba." Na koma teburina na ƙarasa layukan da suka rage. Ko da yake na gani da idona, sai da na tambaya, don bakina ya saba.

"Baba, ka gama?"

"Na zuba, 'yata. Bisimilla."

Na zuba nawa. Tambayar ta fito, na danna "wi". Na fitar da lis daga rumbu, Shef ya dubi jimillar da ke ƙasa ya sa hannu, na liƙa a mel na tura Yamai. Bai fi minti biyar da tafiyarsa ba gurup ya yi tari ya mutu. Shef ya ce alhamdu lillahi. Malam ya cire tabarau ya goge fuska da hularsa.

Kashegari wuta ta ɗauke ina cikin duba wasiƙu. Da ta dawo, mel ya ƙi buɗewa. Sai ya yi kamar zai buɗe, ya tsaya yana tunani, ya ce ba ya iya kai wa ga akwatin. Na kashe na kunna. Na cire waya na hura na mayar. Na leƙa rumbu ko akwai ɗan ƙaramin fishiyen da ake gogewa, babu. Na kira Lawali, ashe yana Tanut wajen wani aiki, ya ce kada in taɓa komai sai ya dawo. Shef ya buga waya Yamai ya tambaya ko lis ya isa, wanda ya ɗauka ya ce ya isa. Muka ɗauka magana ta ƙare.

Kwana goma muka yi ba mel. Ba abin da nake tunawa a kwanakin nan sai zafi. In zo biro, in danna mel, ya ƙi, in zauna. Shef ya kan shimfiɗa darduma a ƙasan tebur ya kwanta. Da yamma in biya wajen mai ƙanƙara, in an yi sa'a wuta ta ɗan zauna a unguwarsu a samu, in ba haka ba in wuce. Akuyarmu ta daina kuka, sai dai ta kwanta jikin randa. Hadari yakan taso ya tsaya can gabas, mutane su fito ƙofar gida suna kallo ba mai magana, ya watse su koma ciki. Malam kuwa yana can yana bin ƙauyuka yana ce musu su gyara gonaki, iri yana hanya.

Ranar Litinin Lawali ya dawo. Ya ciro akwatin wasiƙun daga rumbu ya mayar da shi cikin na'urata, ya sa masa abin gyara, muka zauna muna kallon wani ɗan layi yana cika a hankali har kusan azahar.

"Wannan kam laifina ne," ya ce. "Ba a ajiye akwatin mel a rumbu. Kullum a buɗe yake, da rezo, layin da ya haɗa na'urorin, ya ɗan yanke sai ya lalace."

Mel ya buɗe, wasiƙu suka yi ta zubowa. Ta huɗu daga Yamai take, an rubuto ta kashegarin ranar da muka aika lis. Na karanta a fili. Sun ce a tsarin zagayen da Shef ya aika tun farko akwai Garin Aduwa, amma a lis ba su ga ko gida ɗaya daga can ba. In akwai gyara a turo kafin Laraba, in ba su ji komai ba za su yi lodi yadda yake. Larabar ta wuce da kwana biyar.

Shef ya juya ya dubi Malam. "Malam, har yanzu?"

"Shef, na gani da idona," na ce. "Na ƙirga su. A gabana ya zuba."

Lawali ya ja kujera ya zauna gaban na'urar Malam. Ya buɗe kwafin da ke ciki, ga su nan, talatin da huɗu, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Ya buɗe na rumbu, babu su. Ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Me ya kawo baz cikin wannan na'urar? Wa ya ce a kwafo shi?"

"Ni," na ce. "Don ya daina daskarewa."

"Madam, zo ki nuna mini yadda kike yi. Daga farko."

Na zauna na nuna masa. Na kwafo, na buɗe, na rufe, na ja shi zuwa rumbu. Tambayar ta fito, yatsana ya tafi da kansa.

"Tsaya," ya ce. "Kada ki danna. Kin san abin da yake tambayarki?"

"Wai in zuba."

"Ba zubawa ba ne. Na cikin yake ɗaukewa gaba ɗaya ya jefar, ya ajiye naki a wurin. Naki kuwa da safe kika ɗauko shi, bai san abin da Malam ya buga da rana ba." Ya dube ni. "Wa ke mayarwa a ƙarshe?"

"Ni."

"Kullum?"

"Kullum. Ina jira Baba ya gama."

Na janye hannuna daga na'urar. Ina tuna wani ƙuda da ke tafiya a kan gilashin na'urar, ya bi ta kan tambayar ya sauka ƙasa. Na zauna ina jiran in ji wani abu, ko kunya, ko tsoro, ko kuka. Ban ji komai ba sai ƙishirwa.

Shef ya shiga ɗakinsa da waya, muna jiyo shi yana roƙo da Faransanci. Ya jima ya fito. An riga an ƙirga buhuna an yi lodi, kowane buhu da sunan ƙauyensa, motoci sun kama hanya. Sun ce za su sa Garin Aduwa a zagaye na biyu, in an samu. Ya tsaya gaban Malam ya ce, "Malam, ka yafe mu. Mun ɗora maka abin da ba ka yi ba." Malam ya ce ba komai. Ya ɗauki littafinsa ya fita baranda.

Na same shi zaune a kan benci yana kallon motonsa. Na durƙusa.

"Baba, ni ce."

"Na ji."

"Duk ƙauyukan da suka ɓace, ni ce."

"Na ji, 'yata." Ya juya littafin a hannunsa. "Ran nan da a ce ke kika riga ni zubawa fa?"

"Da nawa ne ya ɓace."

"Ƙauye uku."

"E."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To, Allah ya rufa wa ukun asiri."

Na ce ya kai ni Garin Aduwa in gaya musu da bakina. Na ce zan tsaya gaban mai gari in ce ni ce, a kira ni duk abin da za a kira ni. Sai a lokacin ya dube ni.

"Ba su san ki ba. Ni suka ba sunayensu."

Kashegari ya hau moto ya tafi shi kaɗai. Abin da aka faɗa a can ban sani ba, bai gaya wa kowa ba. Direban da ya yi rabo ne ya ba ni labarin cewa da suka zo mararrabar garin sun ga maza a tsaye gindin bishiya, ba wanda ya ɗaga hannu, ba wanda ya tare hanya, suna dai kallon motar har ta wuce. Daga baya na ji wasu sun samo ɗan abin da za su shuka wajen dangi a ƙauyukan da suka samu. Na ji Malam ya ɗaure irin gonarsa ta Takieta a bayan moto ya kai musu, abin da bai isa gida biyar ba. Zagaye na biyu ya iso lokacin da hatsin mutane ya kai gwiwa. Ko mai garin ya tare shi a kasuwa, ban tambaya ba. Na dai san Malam bai sake cin kasuwar Dakusa ba har ya bar aiki.

Lawali ya gyara komai a yini biyu. Ya raba baz gida biyu, sunaye suka zauna a rumbu, kowa aka ba shi tasa ƙofar shiga a na'urarsa. Ya hana kwafowa, ya sa rumbu yana ajiye na jiya daban da na yau. Abin bai ɗauke shi wani dogon lokaci ba, har na riƙa mamakin ƙanƙantarsa. Yanzu ma ba rumbun, an ce sunaye suna can wani wuri da ban taɓa gani ba. Mutum biyar su buga a lokaci guda, babba da ƙarami, ba mai jiran wani. Wuta ta ɗauke ta dawo, aiki yana nan. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ni ma ba na son komawa na da.

Ruwan shekarar ya sauka ranar wata Alhamis, saura kwana uku ko huɗu salla. Muna shirin tashi iska ta juya, ta zo da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwano kamar an jefo tsakuwa, kafin a jima ba ka jin maganar na kusa da kai. Muka tsaya a baranda mu uku. Duwatsun da ke hayin hanya suna ta hayaƙi. Mata sun fito da bokitai da robobi suna tara a bakin indararo. Shef yana ta hamdala. Ni ina kallon ruwan yana shiga ƙasa, ina tunanin gonakin da aka share aka gyara a Garin Aduwa, suna shan wannan ruwan su ma. Malam yana gefe, ya cusa littafinsa cikin riga don kada ya jiƙe.

Da ya ɗan tsagaita muka nufi ƙofar fita, ƙaramar ƙofar ƙarfe ce, mutum ɗaya take ci. Muka iso tare ni da Malam. Na ja gefe na sunkuyar da kai, yadda na saba tun ina yarinya. Na jira. Bai wuce ba.

"Wuce, 'yata," ya ce. "Ke fara."

Ba faɗa a muryarsa, ba kuma wasa. Na ce, "Haba Baba." Ya tsaya dai, ruwa yana ɗiga daga hularsa. A nan ne abin da na yi kwanaki ina jira ya zo mini. Na wuce ina kuka, ina jin takunsa a bayana cikin taɓo. Wata bakwai ya ƙara yi da mu kafin ya ajiye aiki, kuma bai sake riga ni shiga wata ƙofa ba.